Rigar da Ban Ga An Miƙa Ba

A garinmu idan za a wanke tsakar gida, ruwa ake kwarawa da bokiti, a bi shi da tsintsiya har bakin rariya. Haka na tashi na ga ana yi, haka kuma na ci gaba da yi da muka zo Kuala Lumpur, inda maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku. Gidan da muka kama a Wangsa Maju hawa na huɗu ne a wani dogon bene mai tsohon fenti, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda ta baya inda nake wanki. Duk Asabar sai na kwara wa barandar ruwa na share. Ban taɓa tambayar kaina inda ruwan yake tafiya ba. Ashe bututun ya tsage, ruwan yana zuba ne a kan shanyar mutumin da ke ƙasanmu, wani mai kai wa mutane abinci a kan babur.

Sau biyu yana hawowa ya yi magana da yarensu. Ban ji abin da yake faɗa ba, na dai yi ta ba shi haƙuri da hannu. Malam, haka nake kiran maigidan, ya gaya wa mai gidan haya, shi kuma ya ce zai turo mai gyara, bai turo ba. Na daina kwara ruwa na koma goga da tsumma. Sai wata Asabar ƙaramar 'yarmu ta yi amai a wurin, na manta, na ɗauki bokiti.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka buga ƙofa da ƙarfi. Malam ya sa farin kaftani, zai je sunan ɗan wani abokin karatunsa. Ya ce in zauna da yara, ya fita ya ja ƙofar. Na ji hayaniya, na ji yadi ya kece, na ji wani abu mai tauri ya bugu, sai faɗuwa a matakala da ƙara. Da na buɗe ƙofa na tarar da Malam a tsaye dafe da goshi, kaftanin ya yage daga wuya har ciki, jini ya ɗiɗɗiga a gabansa. Mutumin yana can ƙasan matakala rungume da hannunsa, hular kwanonsa a gefe.

Malam ya ce min mutumin ne ya ci kwalarsa ya maka masa hular kwanon, shi kuma ya fizge jikinsa, mutumin ya tafi da baya. Ban yi shakkar maganarsa ba a ranar, ban yi ba har yau. Amma ina bayan ƙofa, kunnena ne kawai ya halarta.

Abokansa suka ba shi shawara a waya ya tafi ofishin 'yan sanda a yadda yake, kada ya canja kaya. Ya tafi. Bayan azahar ya kira ni ya ce in kawo masa riga, za su karɓe kaftanin. Na bar yara wajen wata maƙwabciya, na shiga tasi ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba a garin. Na zauna a kan benci a waje kusa da wata ƙofa mai baƙin gilashi. Can ya fito daga shi sai singileti, na miƙa masa shuɗiyar riga ya sa a tsaye. Ya ce sun rubuta bayaninsa, sun ɗauki hoton goshin, sun sa kaftanin a leda sun rubuta mata lamba. Ya nemi kwafin bayanin, aka ce ya dawo Litinin. Ran Litinin ya koma, sai aka tsare shi, don maƙwabcin ya karye a wuyan hannu kuma ya kai tasa ƙarar.

Shari'ar ta ci fiye da shekara a kotun majistare. Kafin a zo kan shaidu an yi wa ɗan sandan da ya karɓi kaftanin canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya tsaya ya ce ya duba fayil, babu kaftani, babu hoto, babu bayanin Malam na ranar Asabar. Babban littafin da ake rubuta kayan shaida a ciki kuma, in ji shi, ruwa ya shiga ɗakin ajiya ya jiƙa shi, shafukan watan sun lalace. Maƙwabcin ya ce tura shi aka yi da hannu biyu. Wani surukinsa ya ce yana hawa na uku ya ga komai. Lauyanmu na lokacin bai kira ni ba, ya ce matar da ba ta ga faɗa ba me za ta faɗa. Majistare ya ce babu abin da ya nuna an taɓa yaga wata riga in ba bakin wanda ake tuhuma ba. Ya yanke wa Malam wata huɗu a gidan yari.

Ba a wuce da shi a ranar ba. An dakatar da hukuncin, aka bar shi a kan beli har a ji ɗaukaka ƙara a babbar kotu. Wato dai yana gida, yana cin tuwo, yana zuwa makaranta, amma wata huɗun nan suna zaune tare da mu a falo. Idan na ji takun takalmi mai nauyi a matakala sai in ajiye ludayi in tsaya har ya wuce hawanmu. Idan mahaifiyarsa ta kira ta bidiyo sai in gyara fuska, in ce lafiya lau muke, in gama in yi ta istigfari, don ba lafiya lau muke ba. Maƙwabcin yana nan a ƙasanmu. In zan sauka sai na leƙa ta taga na ga babu babur ɗinsa.

Sabuwar lauyar da aka samo mana 'yar asalin Indiya ce, haifaffiyar ƙasar, dattijuwa mai gajeren gashi da tabarau a rataye a wuya. Ofishinta yana Brickfields, a saman wani kanti da ake saƙa furanni a zare ana sayarwa. Matakalar tana warin turaren tsinke da soyayyar albasa. Muka je mu uku, ni da Malam da amininsa, wani injiniya ɗan Gusau da ke ƙarin karatu a makarantarsu, mai yawan barkwanci, wanda ya ce zai yi min tafinta. Turancina na firamare ne, ina tsintar kalma ɗaya cikin biyar idan an yi a hankali, su kuwa a nan ba sa yi a hankali.

Ta yi mana bayani cewa babbar kotu ba sake shari'a take yi ba, takardu take karantawa ta ga ko ƙaramar kotu ta yi kuskure. Abu biyu za ta tsaya a kai. Na ɗaya, shaidar ba ta kai a ɗaure mutum ba, don surukin ya faɗi abu biyu masu karo da juna. Na biyu, kayan da za su wanke Malam a hannun hukuma suka ɓace. Sai dai na biyun yana buƙatar wani, ban da Malam, ya ce kaftanin ya shiga ofishin nan. Ta nuna ni da biro. Za ta roƙi alƙali ya karɓi takardar rantsuwa daga gare ni, ko da yake ba ta da tabbacin zai karɓa, tunda ina nan lokacin shari'ar farko ba a kira ni ba.

Na ba da labarin ranar tun daga bokiti har shuɗiyar riga. Na lura idan na yi magana mai tsawo, aminin Malam sai ya mayar da ita Turanci a taƙaice. Na ɗauka haka Turanci yake, ba ya son tsawo.

Bayan mako guda takardar ta fito, ɗaya da yarensu ɗaya da Turanci. Aminin ya kawo mana gida, ya ce babu komai a ciki sai abin da na faɗa, na je ofishin, na kai riga, ran Alhamis in je in sa hannu a gaban mai rantsarwa. Na karɓi ta Turancin na ajiye a ƙarƙashin sallaya.

Washegari da safe, bayan yara sun tafi makaranta Malam ya tafi ɗakin karatu, na zauna na bi ta da yatsa. Na yi kusan awa guda kafin na kai sakin layi na shida. A can na ga kalmomi biyu da na sani tun aji uku, I saw, wato na gani. Na bi sauran a hankali. Na ɗauki waya na sa ta fassara min, na sake sawa, don kada in zalunci takardar. Cewa aka yi na ga mijina ya cire kaftani ya miƙa wa ɗan sanda, ɗan sandan ya sa a leda.

Na ninke takardar na mayar ƙarƙashin sallaya.

Mahaifina tela ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu. A gidanmu ko wallahi ka ce a kan abin wasa sai ka sha ranƙwashi. Ina yarinya an yi rikicin iyakar gona a garinmu, aka kai ga dafa Alƙur'ani, na ga yadda manya suka janye yaransu daga wurin kamar za a yi tsawa. Mahaifina ya ce mana mai shaida idonsa ake tambaya, ba zuciyarsa ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan ya zauna min.

Da Malam ya dawo cin abincin rana na bari ya gama, sannan na nuna masa layin. Ya karanta. Ya ce ai gaskiya ne, haka aka yi, ya cire ya miƙa, an sa a leda. Na ce na sani. Ya ce to mene ne.

Na ce, "Malam, ina waje a kan benci. Gilashin baƙi ne."

Ya dube ni ya ce, "Ba ki yarda da ni ba ne?"

"Na yarda da kai fiye da idona. Amma an rubuta na gani."

Ya wanke hannu ya koma makaranta. Da la'asar sai ga shi tare da aminin, wanda ya shigo da dariyarsa da ledar soyayyar ayaba da ya sayo wa yara a kedai ɗin ƙasa, wato ɗan kantin unguwa. Ya zauna ya ce, "Hajiya uwargida, an ce kin zama lauya. To gaya min, mutum ya shiga da riga ya fito babu, aljanu ne suka tuɓe shi?"

Na ce ban ce aljanu ba ne.

Ya ce shi ne ya gyara maganar da yana fassarawa, kuma ba ƙarya ya ƙara ba, rami ya cike. Su da suka ɓatar da littafi sukutum ba su ji kunya ba, surukin da ya ce ya ga komai daga hawa na uku bai ji tsoron Allah ba, sai ni zan tsaya auna kalma da ma'aunin gwal. Ya ce kuma a nan ba Alƙur'ani ake dafawa ba, wani tsoho ne da hatimi, ya buga ki tafi. Ya yi ta kawo misalai, wasu har sun ba ni dariya ba don ina so ba. Malam yana jingine da bango. Sai da aminin ya miƙe zai tafi sannan Malam ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Wata huɗu ne fa. In na shiga, makaranta ta sallame ni, daga can kuma filin jirgi za a wuce da ni."

Kwana biyun da suka rage kafin Alhamis ban san yadda zan kwatanta su ba. Na yi niyyar sa hannu ya fi sau goma. Ina yanka albasa sai in ce wa kaina ai ruwana ne ya jawo komai, in akwai zunubi ni ya kamata in ɗauka, ba shi ya tafi kurkuku ba. Har na fara gwada ganin abin a raina. In rufe ido in ga Malam ya kama wuyan kaftanin ya zare ta kai, in ga hannun ɗan sanda, in ga leda. Ran Laraba da hantsi ina shanya sai na ji hoton ya zauna daram, har da launin ledar, kamar da gaske na gani. Wannan ya fi komai tsorata ni. Na ce in na ƙara kwana ɗaya a haka, ni kaina ba zan ƙara sanin abin da idona ya gani ba.

Ran Alhamis a ofishin lauya, kafin aminin ya buɗe baki, na ɗora yatsa a kan sakin layi na shida na haɗa ɗan Turancin da nake da shi na ce ban gani ba, ina waje. Lauyar ta sa tabarau ta karanta, ta cire, ta juya wajen aminin. Ban ji duk abin da ta faɗa masa ba, amma na ga yana shafa ƙeya yana cewa sorry. Daga baya Malam ya gaya min ta ce ita abin da aka fassara mata ta rubuta, kuma da mai gabatar da ƙara ya kama ni a kan wannan layin, da ni ma na samu tawa shari'ar. Ta kuma faɗa a fili cewa cire layin zai rage wa takardar ƙarfi sosai. Wannan Malam bai ɓoye min ba.

Ta sa Malam ya fita, ta ce aminin ya fassara kalma da kalma, in ya rage ko ya ƙara za ta gane. Ta dinga tambayata a hankali. Da ya bar gida me ke jikinsa? Farin kaftani yagagge. Ya riƙe jaka ko leda? A'a. Da ya fito daga ƙofar gilashin fa? Singileti, da ɗan jini a wuyanta. Me ke hannunsa? Waya kawai. Akwai wanda ya fito tare da shi? Wani ɗan sanda ya riƙe masa ƙofa, ya ce wani abu ya yi dariya, ban ji ba. Ƙarfe nawa? Na ce ban duba agogo ba, na dai san an yi azahar ba a yi la'asar ba. Ta ce ta rubuta uku? Na ce ta rubuta tsakanin azahar da la'asar. Ta ɗago ta kalle ni, ta girgiza kai, ta rubuta haka.

Ofishin mai rantsarwar yana gaba da nata da kanti biyu. Kafin mu je na nemi wurin alwala na yi, duk da an ce babu abin da zan dafa. Wani tsoho ne a ɗan ɗaki mai fanka, da kofin shayi a kan tarin takardu. Ya tambaya ko an karanta min da harshena, ko gaskiya ne. Na ce e. Ya buga hatimi, ya ce boleh, wato ya yi, shi ke nan an gama. Ko minti biyar ba mu yi ba. A jirgin ƙasa muna komawa Malam ya tsaya a bakin ƙofa, ni na zauna nesa da shi, a haka har Wangsa Maju.

Wata uku bayan nan aka saurari ƙarar. An ɗaga sau ɗaya don ba a samu tafintan Hausa ba, sai daga baya kotu ta samo wani ɗalibi daga wani gari, Bakatsine, da ban taɓa gani ba. Alƙalin ya yarda a karɓi takardata, da sharaɗin ɓangaren gwamnati su yi min tambayoyi. Mai gabatar da ƙarar yarinya ce Bamalayiya da ɗan kwali mai ruwan toka, ba za ta girme ni ba. Ta gaishe ni da murmushi, da ta yi tsawa da ya fi min sauƙi.

Ta ce na ga mijina ya miƙa wa wani ɗan sanda riga? Na ce a'a. Ta ce na bi shi daga gida zuwa ofishin? Na ce a'a, ina gida da yara. Ta ce to ashe ban ga ya shiga ofishin da kaftanin ba ma, na dai ga ya bar gida da shi. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta faɗa. Na duba a raina na ga haka ne. Na ce e.

Sai ta ce, "To zai yiwu ya cire shi a hanya ya yar?"

Tafintan ya faɗa min da Hausa yana kallon ƙasa. Na so in ce Malam ba zai yi tafiya a titi da singileti ba ko za a kashe shi, mutumin da ko baranda ba ya fita babu hula. Na faɗi haka ɗin. Ta ce ba halinsa ta tambaye ni ba, zai yiwu ko ba zai yiwu ba?

Na ce, "Ban sani ba. Ban gani ba."

Na waiga wajen Malam a cikin akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma. Ya sunkuyar da kai. Lauyarmu ta tashi ta yi magana mai tsawo a kan surukin da littafin da ya jiƙe, alƙali yana rubutu. Aka ce a dawo bayan mako uku a ji hukunci.

A mako ukun nan Malam bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya shiga yi shi ne koya min abubuwa. Ya nuna min yadda ake cire kan tukunyar gas a mayar. Ya raka ni makarantar yara a bas sau biyu, ya sa ni na riƙe lambar motar da tashar da ake sauka. Ya rubuta min lambobin mutum uku a bayan kalanda. Ya ce in mahaifiyarsa ta kira in ce ya tafi wani bincike inda babu waya. Na ce masa wannan kam zan ba yayansa ya faɗa mata. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce ya manta da wa yake magana. Na rame har maƙwabciyata ta tambaye ni ko ciki ne da ni. In na tsaya salla sai tambayar yarinyar nan ta dawo min, in rasa raka'a nawa na yi, in sake daga farko.

Ranar hukunci muka isa tun kafin a buɗe ɗakin kotun. Ba a kawo tafinta ba, tunda ba ni za a yi wa magana ba, aminin kuma yana da jarrabawa. Na zauna ni kaɗai a benci na biyu. Alƙalin ya fara karatu da yarensu, shafi bayan shafi, murya ɗaya ba hawa ba sauka. Da kyar nake gane ko kalma, fuskar lauyarmu kuma ba na ganinta, bayanta nake gani. Sai na sa ido a kan ɗan sandan da ke tsaye kusa da akwatin, wani kakkaura mai ankwa a rataye a ɗamararsa. Na ce a raina shi yana jin abin da ake faɗa. In hannunsa ya tafi wajen ankwar, na san amsa.

Sau ɗaya ya kai hannu ƙugunsa, ashe wando yake gyarawa. Sau ɗaya na ji alƙali ya faɗi kalmar da na san tana nufin matar aure, na ji kamar a buɗe ƙasa in shige. Ya ci gaba. Ban san tsawon lokacin ba, ƙafafuna dai sun mutu. Can ya rufe fayil, kowa ya miƙe, na miƙe. Ɗan sandan ya matsa jikin akwatin, ya zare sakatar 'yar ƙofar, ya ja da baya ya ba da hanya. Malam ya fito yana tafiya kamar mai koyon tafiya. Bai zo wajena ba, ya zauna a bencin farko ya rufe fuska da hularsa.

A waje lauyar ta yi bayani, Malam yana mayar min da Hausa, muryarsa a dishe. An soke hukuncin. Alƙali ya ce maganar surukin ba abin dogaro ba ce, kuma bai kamata a ɗora wa wanda ake tuhuma asarar littafin da ba a hannunsa ya lalace ba. Ni kuma layi biyu aka yi a kaina. Ya ce shaidata ba ta tabbatar an miƙa riga ba, amma ya yarda mutumin ya fito daga ofishin babu ita, kuma ɓangaren gwamnati ba su kawo ɗan sandan farko ya yi bayani ba alhali yana raye yana aiki. Na tambaya ko layi biyun nan sun taimaka ko sun cutar. Ta karkata hannu ta ce kaɗan, ban gane kaɗan ɗin wanne ba, ban kuma sake tambaya ba.

Har ta juya za ta tafi wani ɗakin kotun, na ja hannun rigar Malam na ce ya tambayar min ita, shi ke nan an gama, babu wanda zai sake kiransa?

Ta tsaya ta ce ɓangaren gwamnati suna da kwana goma sha huɗu in suna so su nemi zuwa kotu ta gaba. A irin wannan ƙaramar shari'a ba kasafai suke yi ba, kada mu damu.

Malam ya fassara min rabi, ya tsaya, ya dube ni da jajayen idanu. Ya ce, "Ke dai sai da kika tono mana wani. Da kin bari mun ci abincin rana tukuna."

Muka sauko muka tsallaka titi zuwa wani shagon abinci na Indiyawa Musulmi da suke kira mamak, ya sayi shinkafa faranti biyu, ya cinye nasa ya jawo rabin nawa. Ni ina ta lissafi a ƙarƙashin tebur da yatsu, ko da yau ake fara ƙirga sha huɗun ko sai gobe, ko kuma Asabar da Lahadi suna ciki.